Yadda Ɗalibin Tuƙin Jirgi Zai Riƙe Layin Tsakiya Ranar da Ya Tashi Shi Kaɗai

Malam ya kwance bel, ya sauka, ya rufe ƙofa, ya ɗaga maka hannu ya juya. Kujerar dama ta zama wayam. Yawancin ɗalibai a wannan lokaci sauka suke tunani, ita ce suka kwana suna bita a zuci, tashi kuwa an ɗauke shi abin wasa: a tura totur, jirgi ya ruga, a ja sitiyari. Amma a cikin wannan ɗan gudu na daƙiƙa 15 zuwa 20 ne ɗalibi kan ga farin layi ya sulale ya koma damansa, hancin jirgi ya doshi ciyawa, fitilun gefen titi na tahowa, shi kuma hannunsa ya ƙage a kan totur.

Yi lissafi ka ga ƙarancin lokacin. Titi mai faɗin mita 23, jirgi yana gudun noti 40 (noti ma'aunin gudun jirgi da na iska ne), wato wajen mita 20 a kowace daƙiƙa. In hanci ya kauce da digiri 10 kacal aka bar shi, cikin daƙiƙa 3 tayar hagu ta bar kwalta. Babu wurin tunani a nan. Abin da ƙafa ta saba, da abin da ka yanke tun kafin ka hau titi, su kaɗai za su yi aiki. Alƙaluman da zan kawo na jiragen koyo ne da aka fi sani. Inda littafin jirginka ko malaminka ya faɗi dabam, nasu za ka bi.

Me ke jan jirgin hagu

Ba jirgin ne ya lalace ba. A Cessna 152 da 172 da Piper PA-28, in kana zaune a kujerarka farfela tana juyawa irin juyin hannun agogo, wannan juyi kuma yana haifar da abubuwan da suka haɗa baki suna karkatar da hanci hagu. Iskar da farfela ke turowa baya ba miƙe take tafiya ba, nannaɗe jikin jirgin take yi kamar igiya, ta je ta bugi tsayayyen allon wutsiya ta gefen hagu. Wutsiya ta yi dama, hanci ya yi hagu. Abin ya fi tsanani lokacin da inji ke ruri jirgi bai ɗauki gudu ba, wato farkon tsere. Sannan yayin da inji ke murɗa farfela dama, ita ma tana murɗa jirgin hagu, tayar hagu ta ƙara dannuwa a ƙasa, ta ƙara tirjiya. Na uku ba ya fitowa sai ka ɗaga hanci: reshen farfela mai gangarowa, wanda ke dama, yana ɗibar iska fiye da mai hawa, sai dama ta fi ja. Masu jirgi mai taya a wutsiya suna da ƙari a kan waɗannan, lokacin da suka ɗaga wutsiyar daga ƙasa. Akwai kuma jirage irin Yak-52 da farfelarsu ke juyawa akasin haka, su dama suke ja.

Maganin duka ɗaya ne, ƙafar dama a kan feda. Fedojin nan su ke kaɗa allon wutsiya, a jirage da yawa kuma su ke juya tayar gaba.

To me ya sa sai ranar da ɗalibi yake shi kaɗai? Cessna 152 in an cika shi maƙil bai wuce kilo 757 ba. Ka sauke malami mai kilo 80, ka rage masa fiye da kashi 10 cikin 100. Zai ɗauki gudu da wuri, ya nemi tashi kafin lokacin da ka saba, komai ya zo maka da sauri. Akwai kuma abin da mu malamai ba mu cika amsawa ba: da yawanmu ƙafarmu na kan feda muna ɗan taimakawa, wani lokaci ba tare da mun sani ba. Ɗalibi ya yi tashi 30 yana zaton shi ke riƙe da layi, ashe rabin aikin na maƙwabcinsa ne.

Tun jirgi yana fake

Fara da kujera. Matso da ita har ka iya danna kowace feda ta kai ƙarshe ba tare da ka miƙe gwiwa sarai ko ka zame a mazauninka ba. In kai gajere ne, nemi matashi, ba abin kunya ba ne. Bayan ka ji sakatar kujerar ta faɗa raminta, ka jijjiga ta gaba da baya da ƙarfi. Kujerar da ba ta kulle ba tana zamewa baya daidai lokacin da jirgi ya zabura, ƙafa ta rabu da feda, hannu ya fizgo sitiyari. Matsalar ta kai har hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta tilasta duba layin ƙarfen kujerun jiragen Cessna a kai a kai, umarnin da ta sabunta a 2011.

Takalmi ya zama mai siririn ƙasa wanda za ka ji feda ta cikinsa. A zagayen duba jirgi kada ka wuce tayoyi da kallo ɗaya: taya mai ƙarancin iska tana jan jirgi ɓangarenta, birkin da ke kamawa ma haka, ɗigon man birki a ƙasa kuma dalili ne na komawa ofis. Kana tafiya zuwa titi, ka lura ko jirgin yana rinjaya gefe guda alhali ƙafafunka suna daidai. Ka kuma san irin tayar gaban da kake da ita. A Cessna fedoji suna juya ta ne ta hanyar sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, don haka takan ɗan yi nawar amsawa. A Piper haɗin kai tsaye ne, ɗan taɓi kaɗan ta juya. A Diamond DA40 da Cirrus tayar sake take, a ƙaramin gudu da birki ake karkata ta har allon wutsiya ya sami iskar da zai yi aiki.

Lissafin iska

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ake tafka kuskuren tun ba a kunna inji ba.

Lambar titi alƙiblarsa ce an yanke sifirin ƙarshe: titi 09 yana fuskantar digiri 090. Ka ɗauki inda iska ke fitowa, ka ga tazarar da ke tsakaninta da titi, ka auna a fuskar agogo. Digiri 15 kamar minti 15 ne, rubu'in iskar ne ke bugunka a gefe. Digiri 30, rabi. Digiri 45, kashi uku cikin huɗu. Daga 60 zuwa sama ka ɗauka dukanta ce. A ce titi 09, iska daga 060, noti 14, tana kaɗawa zuwa 20. Tazara 30 ce, daga hagu. Ɗalibi mai ɗokin tashi zai raba 14 ya sami 7, ya ce ai malam ya ba shi iyakar 8. Da 20 ake lissafi, amsa 10 ce, kuma ta wuce iyakarsa.

Littafin Cessna 172 ya rubuta noti 15 a matsayin iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada jirgin a cikinta, na 152 ya rubuta 12, na Piper Warrior 17. Gogaggen matuƙin gwaji ne ya sami waɗannan lambobi, ba mai awa 15 ba. Iyakarka ita ce wadda malam ya rubuta maka, kuma ba a ciniki a kanta.

Iskar gefe tana bugun wutsiya ta tura ta, hanci ya juya ya fuskanci inda iskar ke fitowa. Saboda haka iskar hagu ta fi sharri, domin ta haɗu da jan da farfela ke yi. Iskar dama tana rage maka aikin ƙafar dama, wani lokaci har ta sa ka buƙaci ta hagu, abin da kan ruɗa wanda ya haddace "dama, dama" ba tare da ya duba abin da hanci ke yi ba. Rahoton yanayi na iya zama na minti 40 da suka wuce, don haka kallon ƙarshe na safar iska ne, ƙyallen nan da aka rataya a sanda don nuna inda iska ke kaɗawa, kana bakin titi. In babban jirgi ko jirgi mai saukar ungulu ya tashi a gabanka, ka ba shi minti 2 zuwa 3, iskar da ya hargitsa a bayansa ta lafa.

Magana da kanka a bakin titi

Kafin ka nemi izini, faɗi da baki, da ƙarfi, ko da babu mai ji: iska daga ina take, sitiyari ina zai karkata, a wane gudu zan ɗaga hanci, kuma me zai sa in fasa. Na ƙarshen shi ne zuciyar wannan rubutu. Zaɓi alama a gefen titi wadda ta yi daidai da rabinsa. In ka kai ta gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, ka fasa. A Cessna 172 mai ɗaga hanci a noti 55, wajen 39 ke nan. Ƙara wa kanka doka ta biyu: in farin layi ya fita daga tsakanin manyan tayoyina biyu kuma gyara ɗaya bai dawo da shi ba, totur baya. Ba "zan gani" ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma babu makarantar kirki da za ta hukunta ɗalibi don ya fasa ya dawo da jirgi lafiya.

Hawa titi da daidaitawa

Kada ka shigo da kwana ka tura totur a cikinta. Shigo, hau layi, bar jirgi ya gangara miƙe mita biyu ko uku don tayar gaba ta daidaita. Tayar da ta tsaya a karkace za ta fizge ka tun daƙiƙar farko. Tunda a hagu kake zaune, kada ka auna layi da tsinin hancin jirgi, zai yaudare ka. Sa layin ya bi ta ƙarƙashin ƙafarka ta dama, ko duk inda malam ya nuna maka a jirginku. Tabbata birkin hannu ya saku gaba ɗaya.

Yanzu sauke diddige a ƙasa. Saman feda birki ne, ƙasanta ne tuƙi. Ɗalibin da ya bar ƙafarsa a sama, in ya tsorata ya danna, birkin taya ɗaya yake takawa a cikin gudu, jirgi ya yi tsalle gefe kamar an harbe shi. Zamo da ƙafa har gaban tafinta kawai ke taɓa ƙasan feda.

Sai ido. Ɗaga shi ka kai can ƙarshen titi, ka kama wani abu da ba ya motsi, bishiya ko gini ko inda layi ya ɓace. Mai kallon kwaltar da ke gaban hanci ba ya ganin kaucewa sai ta girma. Mai kallon nesa yana ganin hanci ya fara motsi tun tayoyi suna kan layi.

Totur da ƙafa tare

Tura totur a hankali amma ba da shakka ba, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har ya kai ƙarshe. In ka banka shi lokaci guda, duk jan hagun nan zai zo maka a dunƙule alhali allon wutsiya bai sami iska ba. Ƙafar dama tana shiga tare da hannu, ba ta jira hanci ya kauce tukuna. Hannun kuma ya zauna a kan totur har ka yi nisa a sama.

Dannawa ake yi, ba harbi ba. Ƙafafu biyu suna kan fedoji, ta dama ta ɗan fi nauyi, kana ƙarawa kana ragewa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Da gudu ya ƙaru allon wutsiya yana ƙara kaifi, abin da ya buƙaci rabin feda a noti 15 ɗan taɓi yake so a 45. Wanda bai gane wannan ba shi ne ke faɗawa cikin lilo: hanci ya yi hagu, ya danna dama da yawa, hanci ya wuce dama, ya danna hagu fiye da haka, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Dabarar ita ce ka fara tsayar da kaucewar, ka miƙe jirgi ya yi daidai da layi ko da yana gefensa, sannan ka lallaɓo shi ya dawo. Mita biyu a hagun layi kana tafiya miƙe ba haɗari ba ne. Fizgowa da ƙarfi don komawa tsakiya, shi ne haɗarin.

Agogon inji da na gudu kallo ɗaya-ɗaya suke samu, kamar yadda direba ke satar kallon madubi, ido ya koma waje.

Na taɓa tsayawa a gefen titi ina kallon wani ɗalibina a tashinsa na biyu shi kaɗai, da 'yar iska daga hagu. Jirgi ya fara rinjaya hagu, sai na hango eleron ɗin fiffiken dama, ɗan allon bayan fiffike da sitiyari ke motsawa, ya miƙe sama tsaf, allon wutsiya kuwa ko motsi. Ya murɗe sitiyari dama ke nan kamar mai tuƙa mota. Fiffiken hagu ya fara ɗagawa, tayar dama ta yi ƙara. Allah ya taimake shi ya ja totur, jirgi ya gangara cikin ciyawa ya tsaya, bai taɓa komai ba. Da na isa yana haki, abin da ya ce shi ne, "Malam, wallahi na juya dama, ya ƙi." Shekara goma yana tuƙa mota, awa 14 a jirgi, da tsoro ya zo, tsohon sabo ne ya karɓi aiki. A ƙasa sitiyari ba ya juya jirgi.

Aikin sitiyari in akwai iskar gefe

Yana da nasa aikin dabam: hana iska shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi. Tun kafin ka tura totur, murɗa shi gaba ɗaya zuwa inda iska ke fitowa. Da gudu ya ƙaru ka ji ya fara nauyi a hannu, ka rinƙa sassautawa, amma kada ka mayar da shi tsakiya sarai. Iskar hagu tana nufin sitiyari hagu, ƙafa dama, lokaci guda. Jiki ba ya son wannan saɓani da farko, sai an maimaita.

Kada ka danna sitiyari gaba don manne jirgi da ƙasa. Nauyi zai koma kan tayar gaba, manyan tayoyi su yi sako-sako, jirgi ya zama baro mai taya ɗaya. Bar shi a tsakiya ko ka ɗan ja kaɗan don tayar gaba ta huta.

Ɗaga hanci

A Cessna 152 wajen noti 50 ne, a 172 kuma 55. In da iskar gefe, ƙara ɗan gudu a kan haka sannan ka ɗaga da niyya ɗaya, don jirgi ya rabu da ƙasa kada ya dawo. Wanda ya fizge shi da wuri, musamman don gudun gefen titi, zai same shi yana shawagi dab da ƙasa ba ƙarfin hawa, iska tana kwasarsa gefe, ya sake dira a karkace.

Daidai lokacin da tayar gaba ta bar ƙasa, taimakonta ya ƙare, reshen farfela mai gangarowa kuma ya fara nasa jan. Nan ɗalibai ke sakin ƙafa don suna jin an gama, alhali nan ake ƙarawa. Da ka tabbata ka tashi, daidaita fukafukai, bar hanci ya ɗan juya cikin iska ka yi tafiyar kaguwa a kan layin titi, ka duba ɗan ƙwallon da ke cikin agogon gabanka, mai nuna ko jirgi yana zamewa gefe: ɓangaren da ya gudu, ƙafar ɓangaren za ka taka.

In ya ƙwace maka

Totur baya, gaba ɗaya, nan take. Mafi yawan abin da ke jan ka hagu daga inji yake, da ka ja totur ka kashe tushen matsalar. Ka lura, in ƙafar dama tana danne sosai, sassauta ta a lokacin, in ba haka ba jirgi zai zabura dama. Ido a nesa, miƙe jirgi da fedoji, sannan ka ɗaga ƙafafu ka taka birki biyu daidai wa daida, a hankali kana ƙarawa. Taya ta fara ja da ƙasa, ɗan saki. Sitiyari yana nan cikin iska, ka ja shi baya sannu a hankali yayin da gudu ke raguwa.

In ka ga ba makawa sai ka bar kwalta, bar ta a miƙe. Jirgin da ya shiga ciyawa miƙe, inji a rufe, yawanci tsayawa kawai yake yi. Wanda aka murɗe da ƙarfi a cikin gudu shi ne ke kafa fiffike a ƙasa ko ya karya ƙafar gaba ya kifa. In akwai abin da za ka buga kuma da sauran lokaci, ja jan hannun nan da ke yanke mai, kashe makunni. Rediyo ita ce ta ƙarshe, hasumiyar masu ba jirage izini tana ganinka, za ta jira. Ƙofa ko taga ta buɗe a cikin gudu, kada ka kai mata hannu: da sauran titi ka fasa, ka riga ka tashi ka zagayo ka sauka.

Bayan ka tsaya, kada ka lallaɓa ka koma titi ka sake gwadawa. Kira malam. In farfela ta taɓa ƙasa ko fitila, ko da ba ka ga lanƙwasa ba, injin sai makanikai sun bincika shi kafin wani ya sake hawa.

Taɓa-ka-tashi

Shi ne ka sauka, tayoyi su taɓa ƙasa, ka sake tashi ba tare da ka tsaya ba. Makarantu da dama ba sa barin ɗalibi ya yi shi a tashinsa na farko shi kaɗai, kuma ina tare da su. Jirgi yana gudu, kai kana neman maɓallin filaf, allunan fiffike da ka saukar don sauka, kana mayar da hannun ɗumama kafireta, tirim, mai rage nauyin sitiyari a hannu, yana inda sauka ta bar shi, sannan ka tura totur. Kai ya sunkuya daƙiƙa 2, layi ya tafi. In an ba ka izini, ka koyi samun kowane maɓalli da lalube, kada ka taɓa totur sai jirgi yana kan layi a miƙe, in kuma saukar ta zo a karkace ka mai da ita cikakkiyar tsayawa.

Kafin ranar ta zo, roƙi malam abu uku. Ya janye ƙafafunsa daga fedoji inda za ka gan su a tashi biyar a jere. Ya fita da kai ranar da ake iskar hagu wadda ta ɗan fi iyakar da zai rubuta maka. Sannan a dogon titi, da sanin hasumiya, ya rinƙa ce maka "fasa" ba zato a wajen noti 35, har hannunka ya rinƙa jan totur kafin ya rufe baki.